Ramin da Ba a Aika Masa Fitila

Ku da aka turo min bana ku koyi aiki, na ji abin da kuke faɗa a bayan mota. Wai aikin Baba Ilu ai wanke-wanke ne: bokiti, omo da soso, ya shafa kumfa a jikin fayif, ya tsaya yana kallo kamar mai jiran shayi ya huce, ya ce lafiya lau, ya tafi. Ban ji haushi ba, don ni ma ranar da aka fara nuna min abin da na ce ke nan. Amma tunda kun raina bokitin, ku zauna ku ji hanyar da na bi na zo gare shi, in na gama sai ku ci gaba da dariyarku.

Ni ba da gas na fara ba, da ginar rijiya na fara, a Abaji, a hannun wani dattijo Baba Tanko. Mahaifina ne ya damƙa ni gare shi. Gajere ne kakkaura, ba ya son yawan magana, in ka yi daidai ba zai yaba ba, in ka yi kuskure sai dai ya karɓe dagin ya yi da kansa kana kallo, wanda ya fi duka ciwo. Kayan aikinmu ba su da yawa: dagi, diga mai gajeren ƙota, shebur, guga, igiya, da gungumen da ake giciyewa a bakin rami. Sai kuma wata 'yar aci-balbal da Baba ba ya yarda kowa ya taɓa. Kowace safiya kafin mutum ya sauka, sai ya kunna ta, ya dasa ta a cikin guga, ya zura a hankali har ƙasa. In ta ci gaba da ci, iskar ramin lafiya take, a sauka da bismillah. In ta yi lumshi ta mutu, ranar ko hakimi ne mai rijiyar ba mai shiga. Ba ma ce mata fitila. Ɗan aike muke ce mata. Baba zai ce, "A tura ɗan aike ya gano mana," kuma duk zamana da shi ɗan aiken nan bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Da motocin bohol suka shigo, sai sana'armu ta fara mutuwa a tsaye. Abin da muke wata muna tona, su yini ɗaya sun gama sun tafi. Na roƙi Baba izini na shigo Abuja ina bin magina, ina yaɓen siminti. A wata gona ta wajen Uke na haɗu da Injiniya Bashir, wani Bazazzagi da ke aiki a ma'aikata, yana neman wanda ya iya yaɓe rami mai zagaye ba tare da ya bar kusurwa ba. Duk maginan wurin sun saba da bango miƙaƙƙe, ni kuwa ban san komai ba sai zagaye. Ya ce tukunyar gas za a gina. Na ce wace irin tukunya ce mutum zai shige ta ya miƙe tsaye? Ya ce irin wadda ake ciyarwa da kashin shanu ta ba ka wutar girki.

Kun dai san fasalinta yanzu: rami ne a ƙasa da tulluwa a kansa, ga baki inda ake kwaɓa kashi da ruwa a zuba, ga mafita inda taki ke fitowa, gas kuma ya taru a cikin tulluwar ya bi fayif zuwa murhu. Ginin bai ba ni wuya ba. Gwajin ne ya kusa kora ta gida. Na gama yaɓe mai santsi har ina jin daɗin kaina, sai Injiniya ya sa aka cika ramin da ruwa, ya yi alama da ƙusa, ya ce a bar shi ya kwana. Da safe ruwa ya sauka ƙasa da alamar kamar faɗin yatsa biyu. Na ce ai siminti ne ya sha.

"Malam Ilu, siminti ya gama shan nasa tun jiya. This one is a leak, yoyo yake. A kwashe ruwan, a nemo wurin."

Muka kwashe, na shiga ina bin bango da tafin hannu har na samu wata tsaga da ba ta fi silin gashi ba. Aka gyara, aka sake cikawa. Da ruwa ya tsaya, na ce to alhamdulillahi. Ya ce a'a, wannan gwajin ƙasa ne, saura na sama, don inda ruwa ba zai bi ba gas zai bi. Aka toshe ko'ina, aka hura iska a tulluwar da famfo, ya ɗauko robar nan ta magina mai haske, ya lanƙwasa ta a jikin katako ya zuba ruwa, ya haɗa bakinta ɗaya da fayif. Iskar ciki ta tura ruwan ya hau gefe guda. Ya ce in zauna in tsare shi. In ruwan ya tsaya inda yake, tukunya ta riƙe. In ya fara sulalowa, akwai inda take numfashi, kuma a nan ne bokitin da kuke wa dariya yake shigowa. Duk mahaɗar fayif, duk makunni, duk bakin murfi sai ka shafa masa kumfa ka sunkuya ka zuba ido. Inda kumfa ta fara kumbura tana haihuwa, nan ɓarnar take. Gaggawa ba ta gano shi, kuma mai kallon waya ba ya gano shi.

Daga Injiniya na koyi abin da hannu ba zai koya min ba. Gas ɗin farko da tukunya ta tara ba a kunna shi, a sake shi ake ya bi iska, don ya gauraya da iskar da ke ciki, kuma wannan gaurayen shi ne mai fashewa. Ba a taɓa gwada wuta a kan tulluwa, sai can a murhu. Ruwan da ke taruwa a fayif ana tsiyaye shi, in ba haka ba wuta ta riƙa shaƙuwa. Sannan akwai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tare da gas ɗin. Ya ce muddin kana jin warin da sauranka, amma in kana cikinsa ka ji ya ɗauke farat ɗaya, ba tafiya ya yi ba, hancinka ne ya mutu, kai ne na biye. Yana da wata 'yar na'ura mai kamar rediyon aljihu da ke shinshina iska ta yi kuka in ta ji abin da ba daidai ba. Mu leburori muka sa mata suna karen Injiniya. Da ya ga na kama aikin, ya samo min tawa, ya fara tura ni zagayen dubawa ni kaɗai.

Masu tukunya kuwa, Allah ya ba mu haƙuri da su. Akwai wanda robar gas ɗinsa ta tsage ya ɗaure da robar tayar keke ya ce ai ta fi sabuwa. Akwai wanda na samu yana bin fayif da laita yana neman inda yake yoyo, da na yi masa magana ya ce ai tun bara haka yake yi. Wata mata da ke dafa abinci a wata makarantar kwana ta toshe tagogin kicin da kwali saboda iska na kaɗa mata wuta. Ba mugunta ba ce, kowa da dabarar da ta taɓa yi masa aiki. Aikinmu rabinsa kumfa ne, rabinsa lallashi.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda mangwaro da lemo suka yi ambaliya a Zuba. Motoci suka yi ta saukewa, kasuwa ta ƙi ɗauka, kaya suka ruɓe a tsibi. Akwai wani Bakatsine, Alhaji Mamman, dillalin kayan marmari, da muka gina wa tukunya a bayan kasuwa. Yana da 'yan shanun kiwo a wurin, gas ɗin kuma yana tafiya rumfar wata Bagwariya, Mama Ladi, da ke dafa wa direbobi da 'yan dako abinci. Mun gaya masa ruɓaɓɓen kaya kaɗan-kaɗan ake haɗawa da kashi. Amma mutum yana kallon dukiyarsa tana zama shara, ga rami a bayan gida da aka ce yana mayar da shara wuta, me kuke tsammani zai yi? Ya sa aka yi ta ɗurawa da ƙwallo da ɓawo da ƙasar da aka sharo. Tukunya ta yi tsami ta daina aiki. Ba shi kaɗai ba, maƙwabtansa biyu ma haka, har aka fara cewa a kasuwa gas ɗin nan yaudara ce. Mama Ladi ta tare ni a bakin rumfa, idonta jawur saboda hayaƙin itacen da ta koma wa.

"Oga Ilu, wuta ba ya kama. Na buɗe, ya yi fuu, ya mutu. Abeg ka gyara, ido na zai lalace."

Na duba na ga babu gyara sai a kwashe ta tas, kuma ƙwallon mangwaro da yashin da suka kwanta a ƙasa babu injin da zai zuƙe su, sai mutum ya sauka da shebur. Aikin rami ne, ni kuma mutum ɗaya na sani a duniya da na yarda da shi a bakin rami.

Na tafi Abaji na sami Baba Tanko a kan benci, yana gadin famfon bohol na unguwa, yana hana yara wasa da kan famfo. Mutumin da rabin garin suka sha ruwan hannunsa. Na ji abin har cikin raina. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da aikin rami a Zuba, kuma ba zan iya ba sai da shi. Bai tambayi ko nawa ba, bai tambayi ko wane iri ba. Ya shiga gida ya fito da tsohon buhun kayan aikinsa. A mota na yi masa bayanin tukunya, na ce, "Baba, abu ɗaya, wurin nan ba a kusantarsa da wuta ko kaɗan." Ya ce, "Ka taɓa ganina da taba?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Muka isa da hantsi. Na kori masu shayi da masu gasa masara daga kewayen, na sa Mama Ladi ta kashe murhun itacenta, na saki gas ɗin da ya rage. Mutane suka taru daga nesa, don Zuba ba a rasa 'yan kallo. Da 'yan dako muka ɗaga murfin tulluwa, wari ya buso har sai da kowa ya ja baya. Na juya in ɗauko na'urata a jaka. Da na waiwayo sai na ga Baba a tsugune a bakin ramin, guga a gabansa, aci-balbal a ciki, ya zaro tsinken ashana ya ɗora a jikin kwalin.

Ban yi magana ba, don magana ba za ta riga ashana ba. Tsalle na yi na doke hannunsa da iya ƙarfina. Kwalin ya yi sama, tsinkaye suka watse, guga ya kife, shi kansa ya zauna daɓas a cikin taɓo, hularsa ta faɗi. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Subhanallahi, ya daki tsoho!" Alhaji Mamman ya taho da sauri yana riƙe da babbar riga.

"Malam Ilu, mi ya faru? Mi dattijon ga ya yi maka?"

Na ce ashana zai ƙyasta. Nan take magana ta juya. Waɗanda suka fara zagina suka koma kan Baba: wane irin tsoho ne wannan, so yake ya tashi kasuwa, daga wane ƙauye aka kwaso shi. Wannan ya fi min ciwo a kan zagin da aka yi min, domin babu ɗaya a cikinsu da ya san abin da mutumin nan yake yi. Ba ganganci ya kawo shi bakin ramin ba. Ni zan sauka, shi kuma bai taɓa barin yaronsa ya sauka ramin da ba a gano ba. Na ce masa ban da wuta, ya kuma ji. Amma a wurinsa ɗan aike ba wuta ba ne. Wuta ita ce ta taba da ta murhu, wannan kuwa shi ne abin da ke tsare rai.

Na ɗauko hularsa na kaɗe na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Iskar rijiya kashe fitila take yi. Ta wannan ramin kama wuta take." Ya karɓi hular bai dube ni ba. Ya tsince tsinkayen ashanarsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da aci-balbal cikin buhu. Sai ya ce, a hankali, "Tun kafin a haife ka ita nake tambaya." Ya saɓa buhunsa ya nufi tasha. Na bi shi har bakin titi ina ba shi haƙuri, ya shiga motar Abaji.

Na kira Injiniya na gaya masa. Ya ce na yi daidai, ya ƙara da cewa da shi ne ma abin da zai yi ke nan. Na san haka ne, amma sanin bai rage min komai ba. A inda na taso, wanda ya ɗaga hannu ga maigidansa ya gama yawo, ko da gaskiyarsa. Na aika masa da gaisuwa ta bakin wani direba, ba amsa.

Aiki dai ba ya jira. Aka kawo motar zuƙa ta janye ruwan, muka bar baki da mafita da murfi a buɗe, muka sa fanka mai dogon bututu tana hura iska ciki, janareton can nesa. Kwanaki muka yi a haka. Kullum sai in ɗaura na'urar a igiya in zura har ƙasa, tana kuka ina jawo ta, har ranar da ta sauka ta dawo shiru. A lokacin ba mu da abin numfashi irin wanda kuke gani a motarmu yanzu, wanda ba mai sauka sai da shi. Abin da muke da shi igiya ce a ƙirji da mutum a sama. Kuma wa zan ba igiyata? 'Yan dakon Alhaji ƙarfafa ne, masu kirki, amma ba wanda ya taɓa riƙe ran mutum a tafin hannunsa.

Ina ɗaura igiyar da safe sai na ji an ce, "Wannan ƙullin na ɗaure akuya ne." Baba ne, ba buhu, hannu rabbana. Ya kwance ya sake ɗaura min ta ƙarƙashin hammata yadda ya saba, ya gyara zaman gungumen da muka giciya a bakin ramin, ya ce in faɗa masa dokar wannan wurin tunda ba tasa ba ce. Na ce, "Baba, mai wuya ce. A rijiya in ɗan'uwanka ya faɗi, kai ma sauka kake ka ɗauko shi, haka ka koya mana. A nan in na faɗi, kada ka shigo, kada ka bar kowa ya shigo. Wanda ya biyo ni ba zai kai gare ni ba, gawa ce za ta zama biyu. Ja kawai za a yi." Ya leƙa ramin. Ya ce, "In ga ka kwanta, in tsaya a sama?" Na ce, "Eh, Baba." Ya naɗa igiyar a hannu ya ce, "Sauka."

Na sauka, na'urar tana rataye a wuyana. Da farko lafiya lau, ina cika guga da ƙwallon mangwaro ana ja. Da na zo wajen mafita, inda laka ta daskare, na kafa shebur na ɓanɓaro wani ƙaton dunƙule. Laka ta yi tusa, wari ya doke ni, na'ura ta fasa kuka. Ina cikin ɗago kai sai na ji warin ya ɗauke. Na tuna na kai hannu ga igiya. Daga nan ban san komai ba.

Sauran a bakin Mama Ladi na ji. Ta ce da suka leƙa suka gan ni kife a laka, wani ɗan dako ya cire riga ya zura ƙafa zai dira. Baba ya tokare shi da kafaɗa har ya faɗi gefe, ya daka tsawar da ta ce ba ta san ƙaramin tsoho na da irinta ba: "Ba mai shiga! Ku kama igiya!" Kafin su kama, shi kaɗai ya riƙe nauyina, ya kafa ƙafa a jikin tulluwa, igiyar tana zamewa tana cin tafinsa, bai sake ba. Ta ce hawaye yake yana ja, ƙafarsa ɗaya tana ta matsawa bakin ramin kamar za ta tafi da kanta, yana janye ta.

Na farfaɗo a ƙarƙashin rumfa, ana yi min fifita da kwali, Alhaji Mamman yana ta salati yana kiran a kawo mota. Kaina kamar an sara. Da idona ya washe, na ga Baba zaune a ƙasa kusa da ni, Mama Ladi tana zuba masa ruwa a hannu, ruwan yana sauka ja. Fatar tafukansa duka biyu ta saɓule. Na yunƙura zan yi magana, ya girgiza kai. Ya ɗago hannuwan ya nuna min.

"Hannu ɗaya ka doke rannan," in ji shi. "Ga biyu nan. Kwanta ka huta."